Baba Teriyo da Fuskar Inna

Shekarar da Hausawan Riyadh suka kamu da ciwon rataya hoton iyaye a falo, babu wanda ya sha wahalarta kamar Dakta Munzali.

Abokin aikinsa Dakta Bature ne ya kwaso ciwon. Ya je hutu gida ya dawo da hoton mahaifinsa, tsayinsa ya kusa ƙyauren gareji, an kewaye shi da firam mai ruwan gwal. Tsohon nan gyaɗa ya noma har ya koma ga Allah, amma a hoton an naɗa masa rawani, an ɗora shi kan wata kujera da ko a mafarki bai taɓa zama a kanta ba. To, kun san mutanenmu. Kafin a ce me, duk gidan da ka shiga cin tuwon Juma'a sai ka tarar da wani tsoho a bango yana bin lomarka da ido. Injiniyoyi suka yi, nas-nas suka yi. Ɗaliban jami'a masu cewa hoto haramun ne ba su fasa zuwa cin tuwon ba, sai dai su zauna su ba bangon baya.

Bangon Dakta Munzali kuwa agogo ne kawai a jiki. Ba rowa ba ce, ba kuma tsoron fatawa ba. Hoton mahaifiyarsa yake so, ita kuma Inna ta rasu ba ta bar hoto ba. Duk duniya guda ɗaya ake da shi, na bikin ƙanwarsa Huseina, shi ma gwiwar hannunta ce ta fito da gefen kwanon samira, sauran jikin yana bayan ƙofa.

Sannan ga babbar matsalar. Dakta ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar Bakori ce ta asali, irin matan nan da kunyar ɗan fari ta zame musu kamar ibada. Tun yaye aka miƙa shi wurin kakarsa, wadda ake kira Goggo. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan na gidan Goggo" take cewa. In ya shigo gaisuwa sai ta juya ta fuskanci bango, ta amsa wa bangon. Shi ma a haka ya tashi, in ya durƙusa gabanta ƙasa yake kallo. Ya yi digiri, ya ƙara wani, ya leƙa cikin zuciyar mutane da na'ura, amma fuskar uwarsa bai taɓa yi mata kallo ɗaya cikakke ba. Yanzu da furfura ta fara leƙowa, in ya rufe ido yana nemanta sai ya rasa abin da zai kama. Ainihin ciwon ke nan. Gasar falo tono shi kawai ta yi.

Cikin masu zuwa wurinsa awon hawan jini akwai wani tsoho ɗan Filifin, Eleuterio Magbanua. Wa zai iya wannan suna da safe? Baba Teriyo ake ce masa. Siriri ne, gashi fari har wuya, ƙarƙashin farcensa kullum da shuɗin fenti.

Bari in ɗan tsaya in ba ku labarinsa, don ya cancanta. A wani ƙauyen masunta aka haife shi, a tsibirin Panay, uwarsa kifi take sayarwa a kasuwa. Ya tafi Manila ya karanci zane, ya faɗa cikin wasu samarin zamani da suka sha alwashin ba za su ƙara zana abu yadda ido ke ganinsa ba. In za su zana mutum sai su farfasa shi kamar tulun da ya faɗo daga ka, su jera gutsattsarin yadda ransu ya so: kunne nan, ƙeya can, hanci na kallon gabas mai hancin na kallon yamma. Yana saurayi ya taɓa baje kolin zanensa. Jarida ta yabe shi, ba wanda ya saya. Da yunwa ta matsa sai ya sa hannu a kwantiragin zanen allon talla a Riyadh, da niyyar ya tara abin sayen fenti ya koma gida. Komawar ce ba ta zo ba har ya tsufa.

A wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu ya zana kaza mai murmushi ga masu soya kaza, ya zana haƙori ga masu cire haƙori, ya zana dabino har ya daina cinsa. Da kwamfuta ta zo ta ƙwace aikin, aka mayar da shi mai haɗa launi. Ranar Juma'a kaɗai yake komawa mai zane, a wani ɗaki saman ofishin kargo, wato masu aika kaya, a unguwar Batha. Da aka fara buɗe gidajen baje kolin zane wajen Dir'iyya, a gefen Riyadh, ya naɗe mafi kyau daga cikin ayyukansa ya hau tasi ya je. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya dube shi, ya dubi farcensa, ya ce alhamdu lillahi, tun safe suke jira, ga bangon can, fari suke so. Baba Teriyo ya jingine naɗinsa a kusurwa ya shafe musu bangon tas. Yakan ce ko ba komai aikinsa ya hau bango a Dir'iyya.

To yanzu kamfani ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama, shekaru sun ja. An buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Ranar da ya zo asibiti karɓar maganin sallama, Dakta ya cire masa abin awo daga hannu, sannan ya ɗauko zancen. Da Turanci suke magana haɗe da Larabcin Batha, amma ni da Hausa zan ba ku.

"Baba Teriyo, kana zana mutum?"

"Ina zanawa, Dok. Sai dai mutumin ba ya gane kansa."

"Wannan ba za ta zo dubawa ba. Ta rasu."

"A'a, waɗannan ai su ne kwastomomin kirki. Kawo hoto."

"Babu hoto."

"Mafi mushkila, ba matsala," in ji tsohon. "Kawo bakinka ranar Juma'a."

Ana saukowa daga masallaci Dakta ya kutsa Batha da babbar rigarsa, ya ratsa layin masu aika kuɗi gida da ƙamshin soyayyen kifi, ya hau wani bene da kwalaye suka cinye rabin matakalarsa. A ɗakin ya tarar da Baba Teriyo yana ɓamɓare zane-zanensa daga katako yana naɗewa, don mutanen kargo a sikeli suke awo, ba ruwansu da abin da aka zana. Ya ba Dakta bokitin fenti ya zauna a kai, shi kuma ya ɗauki gawayi.

"Mu fara. Hancinta?"

"Hanci dai... irin na mutane."

"Dogo? Gajere?"

"Matsakaici."

"Ido fa?"

"Biyu," in ji Dakta, ya yi dariya shi kaɗai.

Tsohon ya ajiye gawayin. "Dok, uwarka ce ko maƙwabciya?"

Nan Dakta ya gyara hula ya shiga bayanin kunyar ɗan fari, da muryar da yake bayyana wa marasa lafiya illar gishiri. Baba Teriyo ya saurara baki buɗe.

"Wato ƙin ka take yi?"

"Subhanallahi! So ne."

"So ne ta kalli bango?"

"Wanda aka fi so shi aka fi jin kunya."

"Ikon Allah. Mu a garinmu in uwa na son ɗa, kunnensa take ja." Ya sake ɗaukar gawayin. "To bar fuska, tunda ba ka da ita. Me ka gani?"

Dakta ya gyara zama a kan bokitin. Sai maganar ta ɓalle. Ƙeyarta ya gani, da ɗaurin ɗankwali mai ƙulli a ƙasa. Zanenta na shuni da ke barin shuɗi a bayan wuyanta in ta yi gumi. Tabon ƙuna a tsintsiyar hannun hagu. Ƙwaryar fura da take turo masa ta baya, hannun kawai yake zuwa, jikin ba ya juyowa. Gefen kunci da tsagar gado, wanda ya taɓa hanga da hasken murhu kafin ta ankara ta kawar. Faso a diddige. Da muryarta tana ce wa bango, "A ce wa wancan ya ci, ya rame."

Yana faɗa gawayi na gudu. Ya manta da babbar rigarsa, har gefenta ya sha jan fenti bai sani ba.

Da aka kira shi cewa aiki ya kammala, bai tafi shi kaɗai ba, kuma nan ne kuskuren. Ya ɗauki matarsa Safiyya, ya ɗauki ƙanensa Maikuɗi da ya zo saro abaya don shagonsa na Funtuwa. Suka hau benen suna haki. Baba Teriyo ya yaye tsohon zanin gadon da ya rufe aikin da shi.

Shuɗi ne ya cika shi, shuɗin shuni, an kakkarya shi gida-gida. Ga ƙeya a tsakiya. Ga hannu ya fito daga inda hannu bai kamata ya fito ba, yana turo wani farin da'ira. Can a gefe guntun kunci da tsaga, ja kamar wuta ta haska shi, yana shirin ɓacewa. Diddige ɗaya a ƙasa. Fuska babu.

Dakta ya tsaya. Sai ya ji gwiwarsa tana neman ƙasa da kanta, kamar yadda take yi a ƙofar ɗakin nan na Bakori. Har ya fara sunkuyawa.

"Yaya," in ji Maikuɗi, "wannan haɗarin mota ne?"

Safiyya ta ja mayafi ta toshe baki. Da ta samu numfashi ta ce, "Dakta, wannan za ka rataya mini a falo? Matar Dakta Bature ta ɗauka a waya, kafin la'asar ya kai Kaduna? Ai sai a ce kwaɗon zogale ya zube a bango."

Maikuɗi ya riga ya kira Huseina a bidiyo tana Zariya, ya haska mata.

"Innalillahi! Wa ya yi wa Inna gunduwa-gunduwa? Ina fuskar?"

"Ta juya baya ne," in ji Dakta a hankali.

"To a juyo da ita mana! Yaya, kai ta juya wa baya. Mu ba ta juya mana ba."

Huseina ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake tun tana yarinya. Amma maganar ta shiga inda ba a so. Dakta ya miƙe tsam, ya kakkaɓe riga.

"Baba Teriyo, a juyo da ita. Fuska nake so, irin ta hoto. Su za su faɗa maka yadda take."

Tsohon ya leƙo shi ta saman tabarau. "Ka tabbata, Dok? Na ga ƙafarka ɗazu."

"Ciwon gwiwa ne."

"To, kai ne likita." Ya ɗaga kafaɗa. "Wanda ya sa kaza murmushi, fuska ba za ta gagare shi ba. Yalla, wa zai fara?"

Wayyo, 'ya'yana, da kun ga wannan kwamiti. Aka jingine wayar a jikin gwangwanin fenti, Huseina ta zama shugaba. Ta ce hancin Inna irin nata ne sak, ta juya gefe ta nuna, ta manta wayar na gyara mata shi. Maikuɗi ya ce Inna fara ce tas, ranar gona ce ta dafa ta, a mayar mata da kalarta ta asali, ya nuna cikin tafin hannunsa. Huseina ta ce a ƙara mata kumatu, kar a ce ba su ciyar da ita ba. Tsagar gado kuma a cire, an daina yayinta.

"A sa haƙorin Makka," in ji Maikuɗi.

"Ta je Makka ne?" Baba Teriyo ya tambaya.

"Ba ta je ba, amma Yaya ya yi mata aikin Hajji bayan rasuwarta. Ai ta zama Hajiya. A sa haƙori."

Safiyya, wadda sau biyu ta taɓa ganin surukarta, ta ce ita dai fuska ba huruminta ba ne, amma ba za a ce uwar mijinta na zaune a falonta da zanen shuni ba. A sa mata leshi, da sarƙa 'yar Dubai, da 'yan kunne masu rawa. Baba Teriyo na ji yana gyaɗa kai, kamar mai shayin da ake faɗa wa yawan sukari.

A kan ido aka ɓata. Huseina ta ce ƙanana ne masu kwalli. Maikuɗi ya ce dara-dara ne, shi ya gado su. Ta ce shi me ya sani, shi da kullum yana tasha. Ya ce ita fa, da ba abin da ta iya sai kuka a gindin murhu. Suka juyo wurin Dakta ya raba gardama, sai suka tuna bai taɓa kallon idonta ba, suka kawar da kai. Huseina ta kashe waya.

"Halas, ya isa," in ji Baba Teriyo. "Ku bar mini ido."

Ranar da aka kawo hoton gida, Safiyya ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta gayyato kowa. Firam ɗin ya fi na Dakta Bature kauri, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Aka yaye mayafi, falo ya ɗauki kabbara. Ga wata Hajiya fara, ɓul-ɓul, hanci kamar biro, haƙori na walƙiya, gwal har ƙirji.

"Masha Allah!" in ji Dakta Bature, yana auna firam ɗin da ido. "Kamarku ɗaya, Dakta. Musamman goshin."

Wani injiniya ya ce wallahi ta yi kama da yayar babansa ta Gusau. Wata nas ta ce ita kuwa sai ta ga kamar ta taɓa yi mata allura. Maikuɗi ya tsaya gaban hoton ya share hawaye da hula, ya ce, "Ita ce. Allah ya jiƙan Inna, ita ce," ya ɗauka a waya ta kowace kusurwa. Dakta Munzali ya karɓi gaisuwar kowa. Tunda duk sun ce ita ce, shi wane ne?

Sai da baƙi suka watse sannan ya lura da idon.

Ido ne da ba ya ƙiftawa, ba ya neman izini. In ya zauna kujerar dama yana kansa, in ya koma ta hagu ya riga shi isa. Ba fushi a ciki, ba kuma wasa. Irin kallon da ke cewa na san abin da ka yi, na kuma san ba ka ci abinci ba. Dakta ya ɗauki loma, ta tsaya a iska. Ya saba miƙe ƙafa kan tebur yana kallon labarai, ya daina. Safiyya ta zo ta zauna kusa da shi, ya matsa ƙarshen kujera kamar an tsikare shi. Ya fara sa hula a cikin falonsa. Daga baya ya koma cin abinci a kicin, a tsaye, kusa da firiji.

"Dakta, lafiya? Babban likita guda yana cin tuwo a bakin kwandon shara?"

"Kallona take yi."

"To da me kake so ta yi? Ba kai ka ce a juyo da ita ba?"

"Inna ba ta taɓa kallona haka ba, Safiyya. Ko sau ɗaya."

"Ai shi ya sa aka zana. Ta rama."

Abin da ya fi damunsa ma bai faɗa mata ba: in ya rufe ido yanzu yana neman ƙeyar nan da ɗaurin ɗankwali, sai Hajiyar bango ta riga su zuwa, da haƙorinta.

Wata safiya, maimakon asibiti, ya sauke hoton shi kaɗai, ya ciro shi daga firam, ya kwantar da shi a kujerar baya ya nufi Batha. Ya tarar da ɗakin Baba Teriyo wayam. An kwashe komai, sai tabon fenti a ƙasa da akwati ɗaya a bakin ƙofa. Tsohon ya yi aski, ya sa farar riga mai aiki a gaba irin ta ƙasarsu. Jirginsa da yamma.

"Dok! Ka zo rakiya?"

"Na zo musaya. Karɓi wannan, ba ni na farkon."

"Wane na farko?"

"Mai shuɗin. Wadda ta juya baya."

Baba Teriyo ya dubi hoton, ya dubi Dakta. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa tsakiyar leshin Hajiya.

"Tana nan ciki."

"Ciki ina?"

"Ƙarƙashi. Ƙyalle ɗaya ya rage mini, sauran duk na naɗe na ba 'yan kargo. Ka ce a juyo da ita, na juyo da ita a inda take."

Dakta ya nemi bokitin da zai zauna, babu. Ya jingina da bango. "To a kankare na saman."

"Na ƙasan bai gama bushewa ba na ɗora. Sun kama juna. In ka kankare Hajiya, Inna za ta biyo ta."

"Ka sake zana mini. Yanzu. Zan sake faɗa maka komai."

"Burushina suna cikin kwantena, Dok, sun riga ni tafiya. Ko da suna nan ma..." Ya karkata kai. "Faɗa mini mu ji. Ɗankwalin, ƙullin ta ina yake?"

Dakta ya buɗe baki. Ya rufe ido. Daga ƙasa ana jin masu kargo suna jan salatif a jikin kwali, wani yana kiran Manila, Manila, Dhaka, Kano.

"Ta ƙasa," ya ce. "Ko ta gefe... Ranar nan na sani."

"Ranar nan ka sani," in ji tsohon, ba tare da zargi ba.

Suka tsaya su biyu suna kallon Hajiya, ita ma tana kallonsu.

"Baba Teriyo, tsakaninka da Allah, idon wane ne wannan?"

Tsohon ya sosa sabon askinsa. "Na uwata ne. Ba wanda ya ba ni ido, na sa wanda nake da shi."

"Mai sayar da kifin?"

"Ita. Da idon nan take sa mai saye ya ajiye kifin da ya ɓoye a kwando. Ni ma ɗan farinta ne. Har ina barci kallona take yi, ko ina numfashi." Ya ɗan yi dariya. "Da ta rasu ina nan ina zana kaza, fasfona na wurin kafili, ubangidan da ya ɗauke ni aiki, kafin a ba ni izinin fita an binne ta. Na yi ta gwada zana ta, sai ta fito gutsi-gutsi, ido ba ya zama. Ka ga ikon Allah, sai a fuskar uwar wani ya zauna, tsakanin haƙorin gwal da hancin aro."

Dakta ya sake duban idon. Wannan karon ya iya jurewa, tunda ya san ba shi ake kallo ba.

"Zai shiga akwatinka?"

"In an naɗe." Baba Teriyo ya yi saurin ɗaga hannu. "Amma naka ne, Dok. Uwarka na ciki."

"Taka ce a sama. Ɗauki."

Tsohon bai yi gardamar ƙarya ba. Ya durƙusa ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu, ya ɓamɓare ƙyallen daga katako a hankali, ya naɗe shi fuskar na waje, ya ce haka ake yi don kar fenti ya tsage. Ya cire riguna biyu daga akwatin ya bar su a ƙasa don a samu wuri.

"Zan rataya su inda ake ganin teku," ya ce. "Taka ba sai ta kalla ba."

"Inna da ko Funtuwa sai an yi da gaske take zuwa," in ji Dakta. "Yau ga ta za ta Filifin."

Ya ɗaukar masa akwatin har ƙasan bene, ya tsayar masa da tasi, ya tuna masa ya rage gishiri. Baba Teriyo ya ce a tsibirin da za shi iska ma gishiri ce. Tasi ta shige cikin cunkoson Batha.

Dakta na shiga motarsa waya ta yi ƙara. Huseina ce, muryarta har rawa take don murna.

"Yaya, albishirinka! Ka san Maikuɗi ya dawo? Ya kai hoton Inna wurin masu buga kalanda. An raba wa dangi kaf, Bakori, Funtuwa, Zariya, har su Kawu na Jos. Ya buga a kofi, ya buga a jikin jaka. Jikoki duk sun ga kakarsu. Ɗazu na tarar da yarana sun tsaya gabanta suna gaishe ta. Goggo Muhibba ma da ta gani sai da ta yi kuka, ta ce ba ta san 'yar'uwarta ta yi ƙiba haka ba kafin ta rasu. Za mu aiko maka da naka. Yaya? Kana jina?"

"Ina jin ki."

"Ba ka ce komai ba. Ta yi kyau ko?"

"Ta yi kyau, Huseina," in ji Dakta Munzali. "Wace ce dai ban sani ba."

"Me ka ce? Layin na yankewa."

Wani mai motar kargo a bayansa ya danna hon, ya leƙo yana ɗaga hannu yana faɗa da wani yare. Dakta ya ajiye wayar a kujera tana ta magana, ya tayar da mota.